Kusar saitin makunnin totur a tsohuwar bas: abin da ya kamata ku sani

Akwai wata cuta da ke damun tsofaffin bas ƙirar Volkswagen masu inji a baya. Direba zai tsaya a danja, ya ɗauke ƙafa daga totur, sai injin ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai, ko ya mutu murus. Wani lokacin kuma a cikin cunkoso take tashi: ana tafiya a hankali da giya ta biyu, motar ta dinga fizga tana saki, fizga tana saki, har fasinjoji su fara ƙorafi. Akan canja fulogi, a wanke injekta, a zargi famfon mai, kuɗi su yi ta fita, cutar tana nan daram. A motoci da dama tushen abin bai wuce wani ɗan makunni da ke maƙale a maƙogwaron injin ba, da ƙaramar kusar da ake saita shi da ita. Idan kan kusar nan ya cinye, sai a ce ai makunnin ba ya saituwa. Yana saituwa, kuma gyaran ba shi da tsada. Haƙuri yake so, da mita, da sanin wace kusa ake taɓawa, wace ce ba a taɓawa.

Motar da ake magana a kanta ita ce Transporter zubi na uku, wadda ake kira T3. An fara ƙera ta a Hanoba ta ƙasar Jamus a 1979, aka daina a Turai a 1992, amma masana'antar kamfanin da ke Uitenhage a Afirka ta Kudu ta ci gaba da fitar da ita har 2002. A Amurka sunanta Vanagon. Duk wanda ya zauna a Legas, ko a Agege ko a Mile 12, ya san ta ko da bai san sunanta ba, domin ita ce mafi yawan motocin danfo masu launin rawaya. Na farkonta iska ke sanyaya injinsu. Daga 1982 aka kawo mai ruwa, lita 1.9, sannan a tsakiyar shekarun 1980 aka ƙara mai lita 2.1. Wasu kafireto gare su, wasu dizal suke sha, wasu kuma an daɗe da sauya musu inji. Waɗannan duk maganar nan ba ta shafe su ba. Tamu ita ce mai fetur da injekta, musamman mai lita 2.1 da ke aiki da tsarin da kamfanin ya sa wa suna Digifant, irin injin da ke ɗauke da lambar MV.

Aikin da makunnin yake yi

Ku buɗe murfin injin a bayan motar, ku bi babbar robar da ke kawo iska daga matatar iska. Za ta kai ku ga wani gajeren bututun alminiyam. Shi ne maƙogwaron injin. A cikinsa akwai wani zagayayyen faifan ƙarfe a kan sanda, wanda wayar totur ke juyawa: ku taka, faifan ya buɗe, iska ta shiga, ku saki, sifirin ya mayar da shi ya rufe. A ƙarshen sandar daga ƙasa akwai wani ɗan ƙarfe mai tudu, kuma tudun ne yake danna makunnin.

Makunnin waya biyu gare shi kawai, kuma magana ɗaya yake iya faɗa wa ƙwaƙwalwar motar: a haɗe nake, ko a rabe nake. Yana haɗewa a wuri biyu, idan an saki totur gaba ɗaya da kuma idan an taka shi har ƙasa. A tsakanin nan a rabe yake. Ƙwaƙwalwar tana bambance wuraren biyu ne ta yawan iskar da ma'aunin iska ya nuna mata. A motocin farko masu lita 1.9 da tsarin Digijet makunni biyu aka sa, kowane da aikinsa, daga baya aka haɗe su a guda ɗaya.

Abubuwa uku ne suka rataya a kan wannan 'yar magana. Idan makunnin ya haɗe a silo, na'urar daidaita silo takan karɓi ragama ta riƙe injin a wajen juyi 880 a minti, ko an kunna fitilu ko an murɗa sitiyari. Idan kuna gangara kuka ɗauke ƙafa alhali injin yana sama da kimanin juyi 1,500, ƙwaƙwalwar takan yanke man gaba ɗaya har sai juyin ya sauko, sannan ta mayar. Idan kuma kuka taka har ƙasa don wuce babbar mota ko hawan tudu, takan ƙara mai.

Daga nan ake gane alamun cutar. Makunnin da ba ya haɗewa idan an saki totur yakan bar injin ba mai kula da silonsa, sai ya yi ta yawo ko ya mutu, man da ya kamata a yanke a gangara kuma yana ta zuba. Wanda kuma ya makara wajen rabuwa, wato totur ya ɗan buɗe amma shi yana nan a haɗe, shi ne mai kawo fizga. Injin zai hau ya kai wajen 1,500, ƙwaƙwalwar ta ɗauka an saki totur, ta yanke mai, juyi ya faɗi, ta mayar da mai, ya sake hawa. Haka zai yi ta yi muddin ƙafar direba tana wannan ɗan tsakanin. Ƙwaƙwalwar lafiyarta ƙalau, labarin da ake kai mata ne ba daidai ba.

Littafin gyaran motar ya ƙayyade inda makunnin zai haɗe: lokacin da ya rage tazarar milimita 0.05 zuwa 0.10 hannun totur ya zauna a kan tokarinsa. Kaurin silin gashi ke nan. Ido ba ya iya auna wannan, kunne ma ba a cika dogara da shi ba, domin tsohon makunni yana iya yin ƙaras ɗinsa alhali wuta ba ta wucewa.

Yadda kusar ke lalacewa

Makunnin yana zaune ne a kan wani ɗan faranti da ke iya gusawa kaɗan. Kusa biyu ke kula da shi. Ɗaya ta ɗauri ce, ita ke danne farantin kada ya motsa. Ɗayar ita ce ta saiti, kuma ba irin kusar da aka saba ba ce. Gindinta ba a tsakiya yake ba, an karkatar da shi gefe guda, yana zaune cikin wata 'yar tsaga. Idan aka juya ta, karkataccen gindin yakan tura farantin wajen tudun ko ya janye shi. Rabin zagaye ta tura, ɗaya rabin ta dawo da shi. Ko sau goma kuka juya ta, inda ta faro za ta koma. Ba ta ɗauruwa, ba ta kuma riƙe komai.

Rashin sanin wannan ne ke kashe ta. Yaro a gareji zai zura alanki, ya ji ta yi tauri domin ba a kwance ta ɗaurin ba, sai ya ƙara ƙarfi. Ramin kanta ƙarami ne, ƙarfen ba shi da tauri sosai, kuma shekara talatin da wani abu na ƙura da maiƙo sun cika ramin har alankin ba ya shiga ya kai ƙasa. Murɗa ɗaya, kusurwoyi shida sun zama da'ira. Wani kuma alankin inci zai sa a ramin milimita, ko wanda bakinsa ya riga ya side. Ga kuma tsatsa: ƙarfe da alminiyam idan suka daɗe a manne cikin danshi, sukan kama juna.

Abin da ke biyo baya shi ya fi ba ni takaici. Tunda kusar saiti ta ƙi, sai a koma kan wata 'yar kusa da ke kusa da ita, wadda hannun totur ke zama a kanta idan an saki. Wannan ita ce kusar tokari. Daga masana'anta aka saita ta, aikinta ta tsayar da faifan dab da bangon bututun ba tare da ya cije shi ba. Idan aka janye ta don makunnin ya haɗe, faifan zai riƙa dukan alminiyam yana sassaƙa masa rami, totur ya fara maƙalewa. Idan aka tura ta, iska ta riƙa wucewa fiye da ƙima, silo ya hau. Daga nan sai a bi sauran: a murɗa kusar silo, a ɓalle murfin ma'aunin iska a taɓa sifirin ɗinsa, a ƙarshe a ce wa mai mota, «Alhaji, injektan nan ya gaji, gara a mayar da ita kafireto.» Garin neman gira an rasa ido. Ina ganin babban kuskure ne a tuɓe tsarin da ke aiki saboda kusar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Kafin a kwance komai

A fara tabbatar da cewa laifin na makunnin ne. A kashe mota, a zare filogin wayoyi biyun, a sa mita a ma'aunin da ke ƙara idan waya ta haɗu, a ɗora bakinta biyu a kan ƙafafun makunnin. Totur a sake, mita ta yi ƙara. A ɗan buɗe da hannu, ta yi shiru. A buɗe har ƙarshe, ta sake yin ƙara dab da ƙarewa. Idan lambar da mita ke nunawa tana rawa, ko ba ta sauko kusa da sifili ba, cikin makunnin ya ƙone ko ya yi datti, kuma saiti ba zai warkar da shi ba, sai sabo. A ɓangaren wayar da ta fito daga ƙwaƙwalwa, idan aka murɗa makulli ba a tayar da injin ba, ya kamata a ga wajen bolt 5. Da mita za a duba wannan. Kada ɗan rewaya ya sa fitilar gwaji mai ƙwai a nan, domin tana jan wutar da ƙwaƙwalwar ba ta da ƙarfin bayarwa.

Sai wayar totur. A motar nan tun daga gaban direba take tafiya har bayan mota, doguwa ce ƙwarai, kuma idan aka ja ta da yawa, ko ta yi tsatsa a cikin kubenta, ba za ta bar hannun totur ya koma mazauninsa ba. A cire ta daga hannun a sake gwadawa. Idan makunnin ya haɗe da zarar an cire waya, to kusar saiti ba ta yi laifin komai ba. Haka ma baƙin dattin da ke taruwa a bakin faifan yana iya hana shi rufewa. Tsumma da ɗan man wanke kafireto sun ishe shi. A duba robar iska ko ta tsage, da na'urar auna zafin ruwa mai shuɗin filogi, domin su ma sukan kawo rawar silo.

Gyaran kansa

Idan ta tabbata kusar ce, shawarata a ciro maƙogwaron gaba ɗaya a kai kan benci. Ana iya fama da shi a jikin mota, amma makunnin a ƙasa yake, ba a ganinsa, kuma ɓarɓashin ƙarfe bai kamata ya kusanci hanyar iskar injin ba. A cire kan batir, a sassauta robar iska, a zare wayar totur da sifirin da ƙananan robobi. Kafin a zare su a ɗauki hoto da waya, don kowace ta koma inda ta fito. A toshe bakin da ya rage a jikin injin da tsumma mai tsabta.

A kan benci a wanke wurin tas, a sa allura ko bakin waya a tono dattin da ke cikin ramin kusoshin biyu. Sau da yawa a nan ake gano cewa saman ramin ne kawai ya cinye, ƙasansa lafiya lau, kuma sabon alanki mai kaifin baki idan aka ɗan buga shi ya zauna zai kama. A ɗiga man sassauta tsatsa, a bar shi ya kwana in da hali. A kwance kusar ɗauri tukuna, ba sai an cire ta ba, a dai sassauta har farantin ya iya motsi. Wuta kuwa a yi nesa da ita. Jikin makunnin roba ne, sandar faifan ma tana da abin toshe iska a gefenta, zafi zai lalata su.

Idan alanki ya ƙi kamawa, sai a nemo bakin Torx, mai siffar tauraro, wanda ya ɗara ramin kaɗan. A tallafe bayan kusar da wani abu mai ƙarfi don kada alminiyam ya tsage, a buga shi a hankali da ƙaramar guduma har haƙoransa su nutse. Wannan yakan ba da kamun da ya isa, tunda kusar ba nauyi take ɗauka ba, turawa kawai take yi. Idan kan ya fito sama yadda zarto zai same shi, hanya mafi ɗorewa ita ce a yanka masa tsaga guda a tsakiya da siririn zarton ƙarfe, zurfin da bakin sukudireba zai zauna. Daga ranar ta zama kusar sukudireba, kuma ko bayan shekaru za a iya sake saita ta. A rufe bakin bututun da makunnin da tef kafin a fara yanka, a kuma wanke ɓarɓashin bayan an gama.

Wani lokacin ba abin da ya rage na kan, ko gindin ya karye. Nan ma ba a yar da maƙogwaro. Tunda ta ɗauri ce ke riƙe farantin, ana iya saita makunnin babu kusar saiti sam. A sassauta ta ɗauri daidai yadda farantin zai gusa da ƙyar, a riƙa tura shi da bakin sukudireba ko a ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙotarta, mita tana jone, har a sami wurin. Yana cin lokaci, domin turi kaɗan ya wuce gona da iri, amma sakamakon ɗaya ne. Wanda yake son abin ya koma yadda aka ƙera shi yana iya ciro kusar daga mataccen maƙogwaro a wajen masu tsofaffin kaya, irin na Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko ya kai tsohuwar wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar masa da irinta. Aiki ne ƙarami ga wanda ya iya, muddin an kai masa samfur ya auna karkatar gindin. Abin da ba na so shi ne walda ko gam mai ƙarfi a kan farantin. Makunni yana tsufa, tudun yana cinyewa, wata rana dole a sake saiti.

Idan ta ɗaurin ce zarenta ya cinye a cikin alminiyam, wannan ya fi muhimmanci, domin in ba ta kama ba, girgizar injin za ta gusar da komai cikin 'yan kwanaki. A sake yanka zare a sa wadda ta ɗara ta kauri, ko a dasa zaren ƙarfe a ramin.

Saitin kuwa ga yadda yake. A jona mita. A ɗauko ma'aunin tazara, irin siraran ƙarafan da ake auna bakin fulogi da su. A buɗe totur kaɗan, a zura na 0.05 tsakanin hannun totur da kusar tokari, a sake shi a hankali ya zauna a kai. Mita ta yi ƙara. A zare, a zura wanda ya ɗara 0.10, misali na 0.15. Mita ta yi shiru. Idan duka biyun sun yi ƙara, makunnin ya matso da yawa, a janye shi. Idan duka sun yi shiru, a matso da shi. Wanda ba shi da ma'aunin yana iya lalubawa da farar takardar ofis, wadda kaurinta ke wajen 0.10: falle ɗaya yana bakin iyaka, falle biyu dole mita ta yi shiru. Dabarar fita kunya ce a hanya, ba ta kai ma'auni ba. Bayan an samu, a ɗaure ta ɗauri a hankali, sannan a sake aunawa, domin ɗaurin kansa yakan ja farantin. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa: sun saita daidai, sun ɗaure, ba su sake dubawa ba. A ƙarshe a buɗe totur har ƙarshe a ji ƙarar ta dawo.

Idan an riga an taɓa kusar tokari, ita za a fara gyarawa kafin makunni. A janye ta har ta rabu da hannun totur, a mayar da ita sannu a hankali har ta taɓa shi, ana gane hakan da 'yar siririyar takarda a tsakani, sannan a ƙara rabin zagaye. A ɗiga mata ɗan fenti don na gaba ya san ba wurin wasa ba ne.

Idan saitin ya ƙi zama

Akwai motar da za a saita yau, gobe ta koma gidan jiya. A irin wannan a kama sandar faifan a girgiza ta gefe da gefe, sama da ƙasa. Idan tana wasa, mazauninta ya cinye, kuma tudun da ke danna makunnin ba ya sauka wuri ɗaya sau biyu. Gwajinsa mai sauƙi ne: a buɗe totur a sake shi da ƙarfi, a kuma buɗe a sake shi a hankali, a maimaita sau da yawa. Lafiyayyen maƙogwaro kowane karo zai haɗa makunnin. Wanda ya gaji zai haɗa wani lokaci ya ƙi wani lokaci, kuma idan injin yana aiki, zuƙar iska takan ja faifan ta ƙara sauya masa zama. A ɗaga bututun a hango haske ta cikinsa. Idan faifan ya sassaƙa rami a bango, za a gani. Maganin wannan sai a sa wa sandar sabon bushi a wajen mai sassaƙa ƙarfe, ko a nemi wani maƙogwaron mai sauran lafiya. Wajen saye a tafi da mita a aljihu, a girgiza sandar a gaban mai kaya kafin a biya.

Wajen mayarwa a sa sabon gasket, domin iskar da ta saci hanya ta nan za ta dawo da rawar silo ko da makunnin yana daidai. A bar wa wayar totur ɗan sassauci idan an saki feda, a kuma sa wani ya taka har ƙasa a ga faifan ya buɗe duka ba tare da wayar ta ɗame kamar za ta tsinke ba. A tayar da injin ya yi zafi sosai, a kashe, a sake ɗora mita a kan makunnin, tunda ƙarfe yakan buɗa da zafi kuma tazarar ƙarama ce. Sai bayan wannan ne za a duba silo, in har yana bukatar taɓawa. A fita da motar a gwada ta da giya ta biyu, ƙafa a ɗore kaɗan a kan totur, a daidai saurin da take fizga a da.